Jar Kujerar Da Babu Kowa A Kanta

'Yan'uwana 'yan mata, yau filin namu ya yi doguwar tafiya, sai ku gyara zama. Labarin da na kawo muku ba ƙagen marubuci ba ne, ya faru da gaske a ƙasar Amurka, kuma yarinyar da ke tsakiyarsa ba ta wuce sa'ar 'yar aji uku na ƙaramar sakandare ba lokacin da abin ya soma.

A shekarar 2005 wata ƙungiyar makaɗa mai suna Paramore ta fitar da faifanta na farko, All We Know Is Falling. Duk wadda ta dubi bangon faifan za ta yi mamaki, domin ba a sa hoton kowa ba, ba mawaƙiya ba makaɗi. Wata doguwar kujera ce ja, babu kowa a kanta, sai inuwar wani mutum da ya juya baya ya kama hanya. To wane ne mai inuwar, kuma me ya tashe shi? Sai mun ɗan koma baya tukuna.

Sunan yarinyar Hayley Williams, an haife ta ranar 27 ga Disamba 1988 a garin Meridian na jihar Misisifi. Auren iyayenta ya mutu tun tana ƙarama, kuma duk wadda ta tashi a irin wannan gida ta san yadda abin yake, yau kina nan gobe kina can, kina kallon manya suna rigimar da ba ki san mafarinta ba. A 2002, tana shekara 13, ita da mahaifiyarta suka tattara nasu-ya-nasu suka koma Franklin, wani ƙaramin gari kusa da Nashville a jihar Tenesi. A nan ta haɗu da wasu yara biyu wa da ƙane, Josh Farro mai kaɗa jita da Zac Farro mai ganguna. Shi Zac ma ƙaninta ne a shekaru, haihuwar 1990 ne. Ta kuma saba da wani saurayi Jeremy Davis, wanda ya girme su duka, shi kuma gwanin jitar nan ce mai kaurin amo da ake kira bes, wadda ke riƙe ƙugun kiɗa.

Irin kiɗan da suka sa gaba shi ake kira pop punk. Ganguna ne da gudu kamar ana korar mai bugawa, jita tana ƙara, amma waƙar da ke samansu mai daɗi ce, amshinta ba ya wuyar kamawa. Yawanci ba ta wuce minti uku zuwa huɗu, zancenta kuma na matasa ne: ɓacin rai, soyayya, kewar gida, jin cewa babu wanda ya fahimce ka. A wancan lokaci harkar kusan duk ta maza ce. Waƙar farko da yaran nan suka haɗa tare ita ce "Conspiracy".

Ana nan ana nan, sai muryar Hayley ta kai kunnen manya. A 2003, tana shekara 14, babban kamfanin faifai na Atlantic ya ɗauke ta, amma fa ita kaɗai. Nufinsu su mayar da ita tauraruwa mai cin gashin kanta, a gyara ta a kwalliye ta, a jera mata makaɗan haya a baya. Ke da kike karanta wannan, tsakani da Allah, da ke ce da kin ƙi? Yarinya 'yar talakawa, ga manya sun buɗe mata ƙofar da dubbai ke layi a bakinta. Amma ita ta kafe ƙafa, ta ce da ƙungiya take so, kuma kiɗan da suka saba shi za su yi. Kamfani ya ga ba ta da niyyar lanƙwasuwa, ya amince. Ni dai a nan na sara mata. Sai dai ku riƙe wannan a ranku, domin zai dawo: an yarda ta tafi da abokanta, amma sunan da ke kan takardar yarjejeniyar Atlantic nata ne ita ɗaya tilo.

A 2004 ƙungiya ta tsaya da ƙafarta, da ƙarin wani maƙwabcin Hayley mai suna Jason Bynum a jita ta biyu. Sunan Paramore sun samo shi ne daga sunan gidan su mahaifiyar wani yaro da ya taɓa kaɗa musu bes. Daga baya suka gano akwai wata kalma mai irin wannan lafazi wadda ke nufin masoyin ɓoye, sai sunan ya ƙara kwanta musu. Abin dariya, ashe sunan ya faɗa kan gaɓa, domin bayan shekaru ta fito fili cewa Hayley da Josh sun yi kusan shekara uku suna soyayya ba tare da masoyan ƙungiyar sun sani ba, har suka rabu a 2007.

Mutanen Atlantic kuwa 'yan kasuwa ne, sun san halin masu sauraron irin wannan kiɗa. Matasan ba sa ƙaunar abin da suka ga babban kamfani ya dafa ya tura musu, sun fi son abin da za su ce su suka tono shi da kansu. Don haka aka shirya faifan ya fito ta hannun wani ƙaramin kamfani na jihar Fulorida, Fueled by Ramen, wanda John Janick ke shugabanta a lokacin. Ma'anar sunan ma abin murmushi ce, wai masu rayuwa da taliyar leda mai arha, abincin ɗalibi in aljihu ya bushe. Janick ya je ya kalli wasansu a birnin Orlando, ya gamsu, a watan Afrilu 2005 aka ƙulla.

Yara suka yi sallama da gida suka nufi Orlando domin ɗaukar faifai. Ba a jima da isa ba sai Jeremy ya ce shi fa zai koma gida, yana da dalilansa na ƙashin kansa. Tirƙashi! Ku duba fa, shi ne babbansu, shekararsa 20, sauran kuwa Hayley 16, Josh 17, Zac bai ma cika 15 ba. Ga baƙon gari, ga kamfani ya zuba kuɗi yana jira, ga wanda suke kallo a matsayin yaya ya sa kai ya fice. Ga Hayley musamman, wannan ba shi ne karo na farko da ta ga mutum ya tashi daga inda ta saba ganinsa ba.

Ba su watse ba. Hayley da Josh suka zauna suka rubuta waƙa a kan tafiyar tasa, suka sa mata suna "All We Know", ita ce ta buɗe faifan, kuma daga jikinta aka ciro sunansa gaba ɗaya. Aka samo wani ya kaɗa bes a madadinsa. Cikin mako uku kacal aka gama ɗauka, a hannun masu tsara sauti irin su James Paul Wisner da Mike Green. Ita kuwa jar kujerar nan ta bango, Hayley da bakinta ta bayyana cewa gurbin Jeremy ne, inuwar da ke tafiya kuma shi ake nufi.

Waƙoƙi 10 ne a ciki, tsawonsu duka bai fi minti 36 ba. In kika bi su a hankali za ki ga kusan duk zancen rabuwa suke yi. "Emergency" ta fito ne daga abin da Hayley ta gani da idonta na rushewar aure a gidansu, yarinya tana kallon soyayyar manya tana mutuwa ba ta da ikon ceto. "Franklin" kewar garinsu ce, da yadda mutum kan koma gida ya tarar gidan ya sauya, ko kuwa shi ne ya sauya. "Pressure" ita ce aka fara turawa gidajen rediyo. A ta ƙarshe, "My Heart", ana jin Josh yana kwarara ihu a bayan muryarta, wanda salo ne a irin wannan kiɗa, kada ki ɗauka wani abu ne ya same shi. A ganina faifan bai kai waɗanda suka yi daga baya gogewa ba, wasu waƙoƙin ma suna kama da juna. Amma muryar nan ta 'yar shekara 16, yadda take hawa sama ba ta rawa, ita ke hana mutum kashewa.

Ranar 26 ga Yuli 2005 faifai ya shiga kasuwa. In kina jiran in ce gari ya ɗauka, to ba haka aka yi ba. Ko cikin jerin faifai 200 da suka fi ciniki a Amurka, wanda mujallar Billboard ke fitarwa, bai leƙa ba. Iyakarsa lamba 30 a wani ƙaramin jeri na sababbin shiga. Kamfani bai yi masa wani gagarumin talla ba, an bar shi baki ya yaɗa shi.

Sai yara suka shiga mota, mahaifin Hayley ne direba, gari ya gari. A bazarar shekarar suka shiga Warped Tour, wani bikin kiɗa da ke zagaya biranen Amurka a tsakiyar zafi. Ba babban dandamali aka ba su ba. A kan wata mota mai ruwan hoda suka yi wasa, dandamalin Shiragirl, wanda aka tanada domin ƙungiyoyin da mata ke ciki. Mutane ƙalilan ke tsayawa, amma wanda ya tsaya yau gobe sai ya jawo abokinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan wata biyar da tafiyarsa suka nemi Jeremy ya dawo, ya kuwa dawo. Ka ji mutum, ya tarar an yi waƙa a kansa, an yi bango a kansa, kuma ga shi kowane dare shi ke kaɗa bes ɗin waƙar da ke ba da labarin ficewarsa!

Wannan yawon ne ya tara musu jama'ar da suka yi dafifi lokacin da faifai na biyu, Riot!, ya fito a 2007 ya haura kwafi miliyan ɗaya. Waɗanda suka san su ta nan sai suka koma baya suna neman na farkon. A haka, kaɗan-kaɗan, All We Know Is Falling ya cika kwafi 500,000 a Amurka, aka ba shi shaidar zinare a 2014, shekara 9 bayan fitowarsa.

Kun tuna takardar nan? A Disamba 2010 Josh da Zac suka bar ƙungiyar, Josh ya fitar da doguwar sanarwa mai zafi, yana cewa babban kamfani ne ya ƙera su, kuma an mayar da su tamkar 'yan rakiyar Hayley tunda ita kaɗai ke da yarjejeniya da Atlantic. Ita kuma ta amsa cewa gaskiya ne sunanta ne a takarda, amma tun ranar farko ƙungiya ta yi wa faɗa. Ni na kasa ɗora wa ɗayansu laifi gaba ɗaya, domin dukkansu yara ne sa'ad da manya suka tsara abin. Jeremy ma ya sake ficewa a 2015, har maganar kuɗi ta kai su kotu kafin a sasanta a 2017. A shekarar ce kuma Zac ya dawo kan gangunansa, yana nan har suka ci kyautar Grammy ta faifan rok mafi kyau a 2024 da This Is Why.

Yarjejeniyar da Hayley ta shiga tana 'yar 14 ba ta ƙare ba sai ƙarshen 2023, shekara 20 ke nan. A 2025 ta fitar da faifai nata ita kaɗai a ƙarƙashin kamfanin da ta kafa da kanta, ta raɗa masa suna Post Atlantic, wato bayan Atlantic.