Mamogiram da Tarihin Gida: Yadda Ake Riskar Sankarar Mama Kafin Ta Yi Ƙarfi

Likitocin da ke duba masu sankarar mama a manyan asibitocinmu, daga Shika ta Zariya zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri, kukansu ɗaya ne: mace ba ta isowa gabansu sai ciwo ya ci ƙarfinta. Sau da yawa ƙullutun ya cika tafin hannu, kaluluwa ta fito a hammata, wani lokaci ma fata ta fashe ta zama gyambo. Wani nazari da Dakta Elima Jedy-Agba da abokan aikinta suka wallafa a 2016, wanda ya tattara rahotannin asibitocin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya nuna kimanin uku cikin kowace huɗu na masu wannan cuta sai ta kai mataki na uku ko na huɗu ake gano ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a duniya, 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata: ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sabbin masu ciwon sun haura 32,000, waɗanda suka rasu sun haura 16,000. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da tara cikin goma na waɗanda aka gano suna da ita suna nan da ransu bayan shekara biyar. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da ake gano ciwon, da kuma abin da ke biyo bayan ganowar.

Abin da na'urar ke gani

Mamogiram hoton nono ne da ake ɗauka da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi, sai dai nasa kaɗan ne ƙwarai. Mace za ta tsaya gaban na'ura, ma'aikaciya ta ɗora nonon a kan faranti, wani farantin ya sauko ya danne shi na 'yan daƙiƙoƙi. Dannewar akwai ɗan zafi, amma ita ke baje naman har a ga abin da ya ɓuya a cikinsa. Kowane nono hoto biyu ake yi masa, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe, a gama komai cikin kamar minti ashirin. Ana so mace ta je bayan ta gama al'ada da 'yan kwanaki, lokacin da nono bai cika tsami ba, kuma kada ta shafa hoda ko man hana warin hammata a ranar, domin ɓurɓushinsu na iya fitowa a hoto kamar alamar ciwo. Hasken da jiki ke sha a hoton bai wuce wanda kowa ke sha daga ƙasa da sararin sama a cikin mako bakwai na zaman yau da kullum ba.

Fa'idar hoton ita ce yana ganin abin da yatsa bai isa ya ji ba: ƙullutun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ko wasu fararen ɗige-ɗige masu kama da garin alli waɗanda kan zama alamar farko ta ciwon. A wannan mataki sau da yawa ana iya cire ƙullutun a bar nonon.

Tun a 1913 wani likitan tiyata a Balin ta Jamus, Albert Salomon, ya ɗauki hoton nonuwa kusan 3,000 da aka cire a tiyata, ya nuna sankara na da kamanninta a hoto. Amma sai a 1963 aka fara gwajin da zai amsa babbar tambaya: in an ɗauki hoton mata masu lafiya, shin mutuwa za ta ragu? An yi gwajin a birnin New York kan mata kimanin 62,000, aka kuma ga ta ragu. Wani gwaji da aka fara a Suwidin a 1977 ya sake tabbatar da haka, inda sakamakonsa na 1985 ya nuna raguwar kusan kashi 30 cikin 100. Daga nan Birtaniya ta kafa shirinta na ƙasa a 1988, wanda a yau yake gayyatar mata 'yan shekara 50 zuwa 70 duk bayan shekara uku. A Amurka, kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi ya sauko da shekarun farawa a 2024: daga 40 zuwa 74, duk bayan shekara biyu.

Inda hoton ke da rauni

Adalci ne a gaya wa mace gaskiyar abin da za ta shiga. Hoton kan kasa ganin kusan ɗaya cikin kowace sankara takwas. Yana kuma tayar da hankali a banza: a Amurka kusan mace ɗaya cikin goma ake sake kira don ƙarin bincike, mafi yawansu kuma a ƙarshe lafiya lau. Akwai kuma sankarar da ke tafiya a hankali har mai ita ta tsufa ta rasu da wani dalilin daban, amma da zarar hoto ya nuna ta dole a yi magani, tunda likita ba shi da hanyar tantance wadda za ta yi ɓarna da wadda za ta kwanta. Kwamitin Farfesa Michael Marmot da ya duba shirin Birtaniya a 2012 ya ƙiyasta cewa hoton na rage mutuwa da kashi 20 cikin 100, yana ceton rai kusan 1,300 a shekara, amma a kan kowane rai ɗaya da aka ceta akwai mata uku da aka yi wa maganin da ba lalle suna bukatarsa ba. Duk da haka kwamitin ya ce alherin ya rinjayi illar, a ci gaba.

Akwai kuma wani raunin da ya fi shafar mu. Nonon mace mai ƙuruciya cike yake da tsoka da hanyoyin ruwan nono, kitsensa kaɗan. A hoto kitse duhu yake fitowa, tsoka fara, sankara ma fara. Neman ta a irin wannan nono kamar tsintar farar tsakuwa ne a cikin shinkafa. Shi ya sa tun Satumbar 2024 doka ta wajabta wa cibiyoyin hoto a Amurka su sanar da kowace mace ko nononta mai yawan tsoka ne. A nan gida kuwa, da yawa daga cikin masu ciwon 'yan shekara talatin da wani abu ne zuwa arba'in da wani abu, galibi saboda al'ummarmu ta matasa ce. Ga irin waɗannan, da masu ciki da masu shayarwa, sikanin da ake yi wa masu juna biyu shi likita kan fara da shi, ko ya haɗa shi da mamogiram.

Auna haɗari

Da yake hoton na da amfani yana kuma da illa, tambayar da masana ke yi yanzu ita ce: wace mace ce za ta fara da wuri, wace ce za ta jira, wace ce hoto kaɗai bai ishe ta ba? Amsar na fitowa daga auna haɗarin kowace mace ita kaɗai.

Manyan dalilai biyu ba wanda ke iya kauce musu: kasancewa mace, da ƙaruwar shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ciwon ba su da wani dalili da ya wuce waɗannan biyun. Sauran sun haɗa da fara al'ada kafin shekara 12, daina ta bayan 55, rashin haihuwa ko haihuwar fari bayan shekara 30, ƙiba bayan daina al'ada, shan giya, da gashin ƙirji da hasken asibiti tun ana ƙuruciya. Shayarwa kuwa kariya ce: wani babban nazari na 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa na rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Al'adarmu ta kai yaro kusan shekara biyu kafin yaye abar riƙewa ce, amma rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi. Uwar 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa.

Likitoci na da ma'aunan da ake zuba wa waɗannan bayanai su fitar da lissafi, irin su ma'aunin Gail na 1989 da na Tyrer da Cuzick na 2004. Wadda lissafinta ya kai kashi 20 cikin 100 a tsawon rayuwa, Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka na ba ta shawarar fara hoto tun shekara 30, duk shekara, haɗe da hoton MRI. Sai dai an gina ma'aunan nan ne a kan bayanan Turawa, don haka likitanmu na ɗaukar su a matsayin jagora, ya haɗa da abin da ya ji daga bakin mai zuwa.

Tambayar da ba a yi a gida

Mafi nauyin abin da likita ke son ji shi ne tarihin dangi. A 1994 da 1995 aka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu gyaran ɓarnar da ke aukuwa a ƙwayoyin halittar jiki. In mace ta gaji ɗayansu da tawaya, haɗarinta na iya kaiwa tsakanin kashi 45 zuwa 72 cikin 100, ga kuma haɗarin sankarar ƙwan mace. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta jagoranta tare da likitocin Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya duba mata 'yan Nijeriya fiye da 1,000 masu sankarar mama, ya tarar kusan 11 cikin 100 na ɗauke da tawayar ɗaya daga cikin ƙwayoyin biyu, adadin da ya zarce wanda aka saba gani a Turai da Amurka.

Tawayar na bin jinin uwa, tana kuma bin jinin uba daidai wa daida. Ciwon gwaggo na da nauyi kamar ciwon inna. Namiji na iya ɗaukar ta ya miƙa wa 'yarsa shi bai taɓa ciwo ba, kuma maza su ma suna kamuwa da sankarar mama, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu ita ba.

A nan kunya ke yi mana ɓarna. A gidajenmu ba a faɗin sunan ciwon da ya shafi jikin mace. Sai a ce ta yi doguwar jinya, ko kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, amma sanadin ilimi ne da 'ya'yanta ke da haƙƙi a kansa. Kowace mace ya kamata ta zauna da dattijuwar gidansu ta tambaya: Iya, wane ciwo Gwaggo ta yi? A nono ne ko a ciki? Shekarunta nawa lokacin? Ɗaya ne ko duka biyun? In an samu uwa ko 'yar'uwa ko ɗiya da ta kamu kafin shekara 50, ko mutum biyu zuwa uku a ɓangare ɗaya na dangi, ko namiji mai sankarar mama, ko mai sankarar ƙwan mace, to a kai wa likita wannan labari tun ba a ji komai ba. Likitoci da yawa kan fara hoton irin wannan mace shekara goma kafin shekarun da 'yar'uwarta ta kamu.

Inda na'ura ba ta kai ba

Nijeriya da Nijar ba su da shirin ƙasa mai gayyatar kowace mace hoto. Na'urorin na manyan birane, kuɗin kuma daga aljihu. Wannan bai rufe ƙofa ba. A Mumbai ta Indiya, asibitin Tata ya horar da mata ma'aikatan lafiya su duba nono da hannu, aka bi mata fiye da 150,000 har shekara 20. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna an riƙa gano ciwon da wuri, mutuwa kuma ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa sama. Ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da muke da su za su iya wannan aiki in an koya musu, an kuma nuna musu inda za su tura wadda suka ji wani abu a jikinta.

Dole kuma a raba abu biyu. Hoton tantancewa na mai lafiya ne wadda ba ta ji komai ba. Wadda ta riga ta ga alama, nata bincike na gaggawa ne, ko shekarunta nawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ƙullutu a nono ko hammata, kan nono ya shige ciki, jini na fita daga gare shi, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko nonon mai shayarwa ya yi tauri ya ƙi sakewa bayan an sha magani. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce, domin ƙullutun sankara a farkonsa galibi ba ya ciwo. Mafi yawan ƙullutai ba sankara ba ne, amma hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a ɗebi ɗan nama da allura a auna. Maganar da ake yi cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe ta sa mata da yawa gudun wannan allura, alhali watannin da suka ɓace wajen shafe-shafe da jiƙe-jiƙe su ne suka ba ciwon damar yaɗuwa.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya ɗora wa ƙasashe buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko, kuma kashi 80 su gama magani har ƙarshe. Da wannan ya kamata mu riƙa auna gwamnatocin jihohinmu da cibiyar sankara ta tarayya, NICRAT, fiye da yawan na'urorin da aka yanke wa kyalle. Hoton da ba mai karanta shi, ko sakamakon da ba tiyata a bayansa, tashin hankali kawai yake ƙara wa mace.

Maza ma na da nasu kason, tunda a gidaje da yawa izinin fita da kuɗin mota a hannunsu suke. Malaman fiƙihu sun halatta wa likita duba abin da lalura ta kama, kuma neman ma'aikaciya mace haƙƙi ne da ake iya tambaya a asibiti. Maigidan da matarsa ta kai shekara 40, ya kai ta a duba ta a kuma tattauna batun hoto. Wanda ya san an yi ciwon a danginsa, ya gaya wa 'ya'yansa mata. Wanda kuma matarsa ta ce ta ji wani abu a nononta, ya kai ta asibiti a cikin makon nan.