Gyaran Hannu Bayan Rauni

Sedgefield wata unguwa ce a kudu maso yammacin birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Greensboro kuwa garin masaƙa ne tun da. Masaƙar White Oak ta kamfanin Cone ta yi aiki daga 1905 har 2017, kuma da dukiyar gidan Cone ɗin aka gina babban asibitin garin, wanda aka buɗe a 1953. To, inda injuna suka yi yawa, ba a rasa masu raunin hannu, don haka likitocin wannan jiha suka daɗe suna fama da al'amarin.

Hannu ɗaya yana da ƙasusuwa 27, amma ba ƙashi ne ya fi ba likita wahala ba. Jijiya ce. A nan sai mai koyon Hausa ya lura, gama kalmar jijiya abu uku ta ke nufi: akwai ta jini, akwai wadda ke kai ji, akwai kuma mai ƙarfin nan wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, ita ce jijiyar motsi. Cikin yatsa babu tsokar da ke lanƙwasa shi. Manyan tsokokin suna can a damtse, su ke jan yatsu daga nesa kamar yadda mahayi ke jan linzami. Daga tsakiyar tafin hannu zuwa tsakiyar yatsa, jijiyoyi biyu ke bi ta cikin wani matsattsen kube, suna zamewa gaba da baya.

Kadan wuƙa ta yanke su a wannan wuri, ɗinki ba ya gagara. Abin da ke gagara shi ne su sake zamewa. Sterling Bunnell, wanda ya wallafa babban littafinsa na fiɗar hannu a 1944, ya kan kira wurin da sunan filin da ke tsakanin rundunoni biyu, wanda ba na kowa ba ne, watau gargaɗi ne ga likitoci. Dalilin haka Erle Peacock na Jami'ar Chapel Hill, kamar mil 50 gabas da Greensboro, ya bayyana shi sarai: in rauni ɗaya ne, tabo ma ɗaya ne. Jiki ba ya bambanta fata da jijiya da ƙashi sa'ad da ya ke warkewa, duk sai ya liƙe su wuri guda. Mutum ya ga miki ya rufe lafiya lau, amma yatsa ya sandare. A shekarun 1960 Peacock ya kafa wani gida a Chapel Hill musamman don koya wa masu rauni sake aiki da hannunsu.

Maganin mannewa motsi ne, amma motsi da hankali. Harold Kleinert na Louisville ya nuna a 1967 ana iya ɗinke jijiyar nan da nan. A dabararsa a kan ɗaura roba daga farce zuwa wuyan hannu. Majiyyaci ya miƙe yatsa da kansa, roba ta mai da shi, jijiya tana zamewa ba tare da an ja ɗinkin ba. Sai an yi kamar mako 12 kafin a yarda ya ɗauki abu mai nauyi. Lalle a nan rabin aikin na mai hannun ne. Mai jin tsoron ciwo ya ƙi motsawa, hannu ya ƙage. Mai garaje kuma ya tsinke ɗinki.

Har wa yau ana mai da gaɓar da ta fita ɗungum. A 1962 Ronald Malt ya mai da hannun wani yaro a Boston, a 1965 kuma Komatsu da Tamai suka mai da babban yatsa a Japan. Likita ya kan rage tsawon ƙashi kaɗan, ya kafe shi da waya, sa'an nan ya ɗinke jijiyoyi yana duba ta madubi mai ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai sirantaka. In jini yana shiga ba ya fita, yatsa ya kumbura ya yi baƙi, sai a sa masa matsattsaku ya tsotse. Taba kuwa an hana, don ta kan matse jijiyoyin jini. Jijiyar ji ita ce mai nawa, kamar inci ɗaya ta ke tsirowa a wata.

A ƙasar Hausa injin niƙa da na markaɗe su kan yi irin wannan ɓarna, a kan kuma kai irin waɗannan majiyyata Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Yatsan da ya guntule a kan naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sa'an nan a aza ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa naman. Da sanyi yatsa ya kan jure kamar awa 24, ba sanyi kamar 12. Hannu ɗungum ba ya kai haka, domin tsoka ta fi saurin mutuwa.