BABI NA UKU: ƘA'IDAR ASALIN KAYA DA MAKOMAR MANOMAN RANO DA KIBIYA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan ƙa'idar asalin kaya a yarjejeniyoyin ciniki marasa shinge, da yadda gwamnatin Nijeriya ta nemi jin ra'ayin jama'a kafin ta shiga yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Afirka. Haka kuma za a duba yadda sassauta wannan ƙa'ida ko tsaurara ta ke shafar manoma da masu sana'a a ƙasar Rano da Kibiya.

3.1 Ma'anar Ƙa'idar Asalin Kaya

Idan ƙasashe suka amince su yafe wa juna kuɗin fito, rangwamen yakan tsaya ne a kan kayan da aka noma ko aka ƙera a cikinsu. Ƙa'idar asalin kaya ita ce ma'aunin da jami'an kwastan ke amfani da shi domin tantance ƙasar da kaya suka fito. In babu ita, ɗan kasuwa zai iya sauke kayan Asiya a maƙwabciyar ƙasa, ya sauya musu buhu, sannan ya shigo da su kyauta.

Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a shekarar 1975, ta fara shirinta na sauƙaƙa ciniki a 1979 da amfanin gona da kayan sana'ar hannu, sannan ta haɗa da kayan masana'antu a 1990. Bisa ƙa'idar da ta amince da ita a 2003, kaya na samun asali ta hanyoyi uku. Ta farko, a samar da su gaba ɗaya a yankin, ko kuma kashi 60 cikin ɗari na ɗanyen kayan da aka yi su da shi ya zama na yankin. Ta biyu, a sarrafa su har su tashi daga rukuninsu na kwastan zuwa wani. Ta uku, aikin da aka yi musu a yankin ya kai kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe wajen ƙera su. Sassauta ƙa'ida na nufin rage irin waɗannan sharuɗɗa.

3.2 Tuntuɓar Jama'a a Nijeriya

A ranar 21 ga Maris, 2018, ƙasashe 44 suka sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a birnin Kigali. Nijeriya ba ta cikinsu, domin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya fasa tafiya, yana mai cewa sai an ƙara tuntuɓar waɗanda abin ya shafa. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa su ne kan gaba wajen nuna fargaba cewa ƙasar za ta zama jujin zubar da kayan waje.

Daga nan ofishin da ke kula da shawarwarin ciniki na ƙasa ya shirya tarurruka a shiyyoyi shida na Nijeriya. A watan Oktoba na 2018 aka kafa kwamitin shugaban ƙasa domin auna tasirin yarjejeniyar, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Yuni na 2019. Nijeriya ta sa hannu a birnin Yamai ranar 7 ga Yuli, 2019. Sai dai a watan Agusta na wannan shekara gwamnati ta rufe iyakokinta na tudu, musamman saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a kuma fara buɗe su ba sai a Disamba ta 2020. Wannan ya nuna cewa sa hannu bai kawar da shakku a kan asalin kayan da ke shigowa ba.

3.3 Shinkafa: Inda Tsauri Ke da Amfani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano. Ruwan Tiga kan bi ta Ruwan Kanya ya isa filayen Kadawa da Bunkure da Kura. Shinkafa ta zama abin dogaro ga manoman wannan yanki, har da na Rano da Kibiya, da mata masu gumi, da masu injin casa, da dillalai.

Babbar abokiyar gogayyar wannan shinkafa ita ce ta ƙasashen Tailan da Indiya, wadda aka daɗe ana saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a bi da ita ta ɓarauniyar hanya zuwa kasuwannin Nijeriya, wani lokaci ta Maraɗi. Idan aka sassauta ƙa'ida har casa ko zuba wa a sabon buhu ya isa ya mayar da shinkafa 'yar Afirka, to, abin da ake shigowa da shi a ɓoye zai shigo da takarda. Shi ya sa yarjejeniyar Afirka ta sanya sauya mazubi da manna tambari cikin ayyukan da ba su isa su ba kaya asali ba. A nan tsaurin ƙa'ida garkuwa ce ga manomi.

3.4 Tufafi: Inda Ra'ayi Ya Rabu

A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, saboda shahararsu a saƙa da rini. Amma bayan durƙushewar masaƙun Kano da Kaduna, yawancin yadin da tela ke saye a Kantin Kwari daga ƙasar Sin yake zuwa. Tambayar ita ce: rigar da telan Rano ya ɗinka da yadin Sin, 'yar Nijeriya ce ko kuwa?

Idan ƙa'ida ta ce ɗinki kaɗai ya isa, tela da mai aikin surfani za su kai kayansu ƙasashen Afirka ba tare da fito ba. Irin wannan sassauci ne Amurka ta yi wa wasu ƙasashen Afirka a dokar cinikinta ta shekarar 2000, wanda ya bunƙasa masana'antun ɗinki a Lesoto da Kenya. Idan kuwa aka ce sai yadin ma an saƙa shi a Afirka, manomin auduga da masaƙa ne za su amfana, tela kuma ya rasa rangwame. Saboda wannan saɓani, zuwa shekarar 2022 an daidaita a kan kusan kashi 88 cikin ɗari na ƙa'idojin asali, amma tufafi da motoci na cikin waɗanda suka rage.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ba za a yanke wa sassauci hukunci ɗaya ba. Abin da ya kare manomin shinkafa shi ne zai iya tauye tela, alhali kuwa sau da yawa a gida ɗaya suke. Muryoyin da suka fi fitowa a muhawarar 2018 na manyan ƙungiyoyin birane ne. Don haka ya kamata duk wata tuntuɓa ta gaba ta sauko matakin ƙananan hukumomi, a yi ta da Hausa, ta hannun ƙungiyoyin manoma da na masu sana'a da masarautar Rano, a kuma tattauna kowace haja daban. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A babi na gaba za a duba hanyoyin da amfanin gonar yankin ke bi zuwa kasuwar Dawanau.