Yoyon bangon ƙarƙashin ƙasa: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

Da zarar an ga ruwa yana tsattsafowa daga bangon garejin da ke ƙarƙashin dogon bene, sai magana ta bazu cewa ginin ya kusa faɗuwa. Yoyo kaɗai bai isa hujja ba. Bangon da ya nutsa ƙasa da matakin ruwan ƙasa kullum cikin matsi yake, domin duk zurfin mita ɗaya na ruwa yana ƙara nauyin kusan tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ruwan kan sulalo ta mahaɗar zubin kankare, ko ƙaramar tsaga, ko inda bututu ya ratsa bango.

Akwai masu cewa rodin da ya fi jiƙa shi ya fi cin tsatsa. Wannan ma kuskure ne. Tsatsa na bukatar iska, don haka rodin da ke nutse cikin ruwa ko da yaushe a hankali yake lalacewa. Haɗarin yana inda bango ke jiƙewa ya bushe, ya sake jiƙewa. Shi kankare mai kyau yana kare ƙarfen da ke cikinsa, sai in gishiri ko iskar kabon ta kai gare shi. Daga nan rodi ya kumbura da tsatsa, ya ƙara kauri, ya fasa kankaren daga ciki.

Launin tabon ma labari ne. Fari-fari mai kama da kanwa sinadarin siminti ne ruwa ya wanko. Ja mai ruwan ƙasa, musamman in ɓawon kankare ya fara ɓallewa har rodi ya leƙo, wannan aikin injiniya ne, ba na mai fenti ba. Fenti dai ɓoye tabo yake yi.

Abin da ke gaskiya shi ne sakaci na kisa. A 2018 wani injiniya ya ba da rahoton cewa shingen hana ruwa ya lalace a dandalin wurin ninkaya da ke saman garejin benen Champlain Towers South, a Surfside ta jihar Fulorida a Amurka, kuma kankaren ƙarƙashinsa ya yi mummunar illa. Ranar 24 ga Yuni 2021 wani sashen benen ya rufta, mutum 98 suka mutu. Masu bincike sun kuma gano rauni a zanen dandalin da yadda aka gina shi tun 1981, ga kuma tsatsa a rodinsa.