Asirin ma'aikata a Filinge: ta ina bangon ke tsagewa?

Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, yana cikin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. A nan ne takardun gundumar suke taruwa: na haihuwa, na albashin malaman makaranta, da jerin sunayen mutanen da rikici ya kora daga garuruwansu. Jiya cikin kabad ake kulle su. Yau suna cikin kwamfuta da wayar salula, kuma kan ɗan yatsa ya isa ya kai su Abala ko Banibangu cikin ƙiftawar ido.

A jahar Tillaberi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ranar 15 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutane 58 a yankin Banibangu, galibinsu masu komawa gida daga kasuwa. A irin wannan ƙasa, takardar da ke bayyana wanda ya karɓi kuɗin tallafi, ko ranar da motar abinci za ta tashi, tana iya zama sanadin rasa rai in ta faɗa hannun da bai kamata ba.

Doka kuwa akwai ta. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, tare da hukumar HAPDP mai kula da ita, ta kuma sabunta dokar a 2022. A 2019 aka yi ta yaƙi da laifuffukan intanet. To, me ke sa ma'aikaci sakaci duk da haka?

Dalili na farko kunya ce. Bakurfe bai iya ce wa yayansa ko abokin wasansa a'a ba. Idan abokin aiki ya nemi lambar sirrin kwamfuta, hana shi daidai yake da kiransa ɓarawo, sai a ba shi don zumunci ya ɗore.

Na biyu rashin kayan aiki. Inda mutum huɗu ke aiki da kwamfuta ɗaya, lambar sirri takan koma ƴar takarda manne a jikin tebur. Idan wuta ta ɗauke, kamar yadda aka sha fama bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta 2023, ga Yamai na jiran rahoto kafin la'asar, sai sakatare ya ɗauki hoton takardar da wayarsa ya tura ta WhatsApp. Aiki ya tafi, amma hoton ya zauna cikin wayar da yara ke wasa da ita da dare, wadda gobe za a bar wa mai caji a bakin kasuwa.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, halin shugaba ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Darektan da ke watsa takardun hukuma a zauren WhatsApp na abokai ba ya da bakin tsawata wa magatakarda. Haka kuma inda ake wulaƙanta wanda ya faɗi kuskurensa, kowa zai ɓoye nasa har ɓarna ta yi nisa.

Saboda haka gyaran bai tsaya ga taron horaswa na kwana biyu a Yamai ba. A ba kowane ma'aikaci lambarsa, a tanadi wutar rana a biro, a kuma rubuta ƙa'ida a manna a bango, domin mai jin kunya ya samu abin fakewa: «Ba ni na hana ba, doka ce.» Sunayen da ke cikin waɗannan na'urori amanar talakawa ce, kuma su ne za su fara ɗanɗana kuɗarta in ta zube.