Tocilar Leza Mai Dogon Zango da Ruɗin da Ke Tattare da Ita a Ƙasar Karare

Daga cikin kayan da rashin tsaro ya buɗe wa kasuwa a yammacin jihar Katsina, musamman a Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana da ke fuskantar dajin Rugu, akwai tocilar hannu mai dogon zango wadda 'yan tireda da masu tallar kaya ta waya ke kira tocilar leza. Ana cewa tana hango mutum daga nisan kilomita biyu ko uku, ana kuma cewa tana makantar da duk wanda aka dalle da ita, har magidanci kan ɗauki kuɗin da ya kamata ya tafi ga taki ko cefane ya zuba a kanta, yana ganin ya sayi kariya. Babu mai ganin laifin mutanen da suka san abin da ya auku a Tsauwa da Dankar cikin watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30 a dare ɗaya, don sun nemi abin da zai nuna masu mai zuwa tun yana nesa. Abin takaicin shi ne yadda ake cin kasuwa da tsoronsu, ana sayar masu da alkawarin da ko tocila ta gaske ba ta iya cikawa, balle jabu.

Leza haske ne mai launi ɗaya da ke tafiya a miƙe ba ya bazuwa sosai, kuma Theodore Maiman ne ya fara samar da shi a Amurka a 1960. A cikin tocilar da ake magana a kai, wani ɗan ƙaramin ƙwai ne ke harba leza shuɗiya a kan wani sinadari da ake kira fosfo, sinadarin ya mayar da wani kaso na shuɗin zuwa rawaya, haɗuwar launukan biyu ta ba da farin haske, sannan gilashin gaba ya tattara shi ya tura. Wannan dabarar ce kamfanin BMW ya sanya a fitilun motarsa i8 a 2014, daga baya kamfanoni irin su Acebeam da Weltool da Fenix suka mayar da ita ta hannu. Saboda haka abin da ke fita daga bakin tocilar farin haske ne da aka matse ƙwarai. Lezar kanta tana ciki, aikinta ya ƙare a kan sinadarin.

Ma'auni biyu ake rubutawa a jikin kwali. Lumen shi ne jimillar hasken da fitila ke fitarwa ta kowace fuska, kandela kuwa ƙarfin hasken ne a tsakiyar inda aka nufa. Tocilar leza ta ainihi ba ta da lumen mai yawa, galibi tsakanin 300 ne da 600, wanda fitilar sola mai kyau kan kai, amma kandelarta kan kai dubu ɗaruruwa, wasu har sun haura miliyan ɗaya, domin ta tara ɗan hasken da take da shi a wuri guda.

Babban ruɗin yana cikin adadin mitocin da ake bugawa da manyan baƙaƙe. Kamfanonin kirki suna bin wata ƙa'ida ta Amurka mai suna FL1, wadda aka kafa a 2009, kuma a ƙarƙashinta zangon tocila shi ne nisan da haskenta ke raguwa ya koma rubu'in lukus ɗaya, wato kwatankwacin hasken da cikakken wata ke zubarwa a fili a daren sha huɗu. Lukus ma'aunin hasken da ya sauka a kan abu ne. Idan an rubuta mita 1,500 a kwali, ma'anarsa ita ce wanda ke tsaye a can zai sami haske irin na farin wata a jikin rigarsa. Ba a ce mai riƙe da tocilar zai gan shi ba. Hasken sai ya je, ya bugi jikin mutumin, ɗan abin da tufafinsa ba su shanye ba ya sake yin wannan doguwar tafiya ya dawo cikin idon mai kallo, ga shi kuma wanda ya zo da mugun nufi ba farar riga yake sakawa ba. Ƙari a kan haka, haske na raguwa ne ninki huɗu duk lokacin da nisa ya ninku biyu, don haka tocilar da aka ce tana kai mita 1,500 lukus ɗaya kacal take bayarwa a mita 750, sai an dawo mita 500 kafin ta ɗan haura lukus biyu. Shi ya sa masu amfani da irin waɗannan fitilu suka saba raba adadin kwali gida uku su ɗauki kashi ɗaya a matsayin nisan da za a ga wani abu mai amfani, kuma ko wannan sai in sararin sama garau yake.

Ko da hasken ya isa, idon ɗan Adam yana da iyakarsa, tocila kuma ba ta ƙara wa ido ƙarfi. Da rana tsaka ma, wanda ke wannan ƙarshen filin ƙwallo ba ya tantance fuskar baƙon da ke wancan ƙarshen, alhali tsawon filin bai wuce mita 100 da 'yan kai ba. To ina ga tsakar dare a nisan mita 500? Abin da za a gani shi ne wata inuwa na motsi da ƙyallin idon dabba. Makiyayin da ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kanta, da manomin da ya yi dare yana dawowa da fartanya, da ɗan bindiga, duk siffa ɗaya suke ɗauka a wannan nisa. Wannan shi ne wurin da ruɗin ke komawa haɗari, domin matashin da aka gaya wa tocilarsa na ganin kilomita uku zai rantse da abin da bai gani ba, kuma a yankin da zargi ya riga ya raba maƙwabta, rantsuwa irin wannan kan jawo asarar ran da bai ji ba bai gani ba. Duk wanda ya ce ya gane mutum da tocila daga bayan gonaki, ya kamata dattawan unguwa su tambaye shi nisan kafin su ɗauki maganarsa.

Yanayin ƙasar ma ba ya taimakon masu wannan da'awa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu kan cika iska da ƙura, ƙurar kuma tana mayar da hasken cikin idon mai haskawa, sai ya ga doguwar sanda fara a gabansa, abin da ke ƙarshenta kuwa ya ɓace masa. Da damina gero da dawa kan wuce tsayin mutum, haske kuma ba ya ratsa kara; duwatsun da ke wajen Ruma da kwazazzabai da duhuwar daji su ma haka. Nisan da aka auna a ɗakin gwaji bai san da waɗannan ba.

Sai batun makantarwa, wanda ya fi kowanne yaɗuwa kuma ya fi kowanne cutarwa. Gaskiya ne wanda aka dalle da wannan haske daga kusa zai ga duhu-duhu da ɗigo a idonsa na ɗan lokaci, kuma kallonsa kai tsaye daga 'yan taku na iya yi wa ido lahani. Amma a nisan mita 200 ko 300, abin da zai faru bai wuce mutum ya kau da kai ko ya kare fuska da hannu ba, kuma faɗin hasken bai isa ya rufe ayarin babura ba. Ana haska ɗaya, sauran na cikin duhu suna kallo. Mafi muni, ana ganin tushen haske daga nisan da ya ninka wanda shi hasken ke nunawa sau da yawa, kuma siririn layin da tocilar leza ke shatawa a cikin ƙura yana nuna daidai inda hannun mai riƙe da ita yake. Harsashin bindigogin da 'yan fashin daji ke ɗauka yana cin mita ɗaruruwa. Mai gadin da ya tsaya a bakin gari yana wasa da haske cikin daji ya sanar da inda yake, ya sanar da cewa gari a farke yake ta wannan kusurwa, ya kuma ɓata wa kansa da abokan tsaronsa gani, domin ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma daƙiƙa kaɗan na haske mai ƙarfi sun isa su rushe wannan sabo. Tsofaffin mafarauta sun san haka tun kafin a ƙera batir.

Duk wannan bayani a kan ta gaske ne. Mafi yawan abin da ke yawo a kasuwannin ƙauye da sunan leza tocila ce ta ƙwan LED da aka sa wa gilashi mai ja da turawa, kuma gane ta ba wuya: a tura kanta gaba har ƙarshe a haska bango, in aka ga hasken ya fito da kusurwa huɗu, wani lokaci har da 'yan layuka a ciki, hoton ƙwan LED ne ake gani. Ta leza kan ba da da'ira ƙarama mai kaifin baki wadda a nisan taku goma ba ta fi faifai ba, gefenta kuma duhu. Kwalin da ya ce lumen 100,000 ƙarya yake yi ba kunya, domin wannan haske na bukatar wutar da ta haura wat 600, wadda za ta zuƙe batir ɗaya irin na tocila cikin kusan minti guda, in ma hannu ya iya jure zafin. Ta ainihi akasari takan kai dala 100 ko fiye tun a inda aka ƙera ta, don haka wadda aka sayar a kuɗin kwanon shinkafa biyu ta riga ta faɗi asalinta.

Ga wanda ke neman fitila domin gida da gona, matsatsen haske aibi ne babba. Tocilar da ke nuna bishiyar da ke mita 400 amma ta bar gaban ƙafa cikin duhu ba ta dace da ƙasar da kububuwa da kasa da kunama ke fita da dare ba, kuma maciji ya fi kusa da mai zuwa duba garke ko kewayawa bayan gida fiye da duk abin da ke bakin daji. Wanda kuɗinsa na fitila ɗaya ne, ya sayi ta LED mai watsa haske, mai matakai biyu ko uku, wadda ƙaramin matakinta zai kwana yana ci. Ta goshi ta fi ga mai ɗaure dabba ko mai ban-ruwa, tunda tana sakin hannu biyu. Tocilar leza tana da gurbinta, amma ƙarami ne: duba ƙarshen gona daga kan rumbu, neman saniyar da ta ɓalle a fili, ko ba da alama tsakanin unguwa da unguwa bisa yarjejeniyar da aka yi tun da rana, abin da mutanen yankin suka san darajarsa tun lokacin da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a watan Satumban 2021. Idan ƙungiyar tsaro ta gari za ta mallake ta, guda ɗaya ta isa, a hannun mutum mai hankali, a kunna ta daƙiƙa biyu ko uku a kashe a sauya wuri, kuma ya kyautu a yi shawara da jami'an rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jihar ƙarƙashin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023, don kada hasken wani ya rikita sintirin wani.

Ko a hannun wa tocilar leza take, kada a haska fuskar mai babur ko direba, domin daƙiƙa biyu na rashin gani sun isa su jefa shi rami da fasinjansa. Abin haushi ne a ga samari na yin haka a bakin hanya da sunan gwaji. Kada a ɗaga ta sama a bi jirgi, ko na fasinja ko na sojan sama, domin haske mai ƙarfi na rikita matuƙi, har Amurka ta mayar da haska jirgi da leza laifin tarayya tun 2012, kuma a yankin da ake sintiri ta sama babu mai hankalin da zai so a ɗauke shi a matsayin mai ba wa wasu alama. Kada a bar ta a hannun yara. Kada kuma a kai ta wurin mai gyaran rediyo a kwance kanta, domin in sinadarin fosfo ya fashe ko ya goce, lezar shuɗiya tsirararta za ta iya fitowa, ita kuwa tana ƙona tantanin bayan ido kafin mutum ya ƙifta, tantanin kuma ba ya jin zafi balle ya yi gargaɗi. Tocilar da haskenta ya koma shuɗi kwatsam bayan ta faɗi, a cire batirinta a daina amfani da ita. 'Yar sandar nan mai koren ɗigo da yara ke wasa da ita a bukukuwa wani abu ne daban, leza ce tsantsa, kuma ta fi tocilar haɗari ga ido.

Batir shi ne inda ake yawan cutar mai saye. Waɗannan fitilu na amfani da batirin litiyom mai lamba 18650 ko 21700, lambobin kuma faɗi da tsawonsa ne a milimita. Na farkon mai kyau bai cika wuce 3,500 a ma'aunin mAh ba, na biyun kuma kusan 5,000, don haka wanda aka rubuta wa 9,900 jabu ne, kuma sau da yawa rashin nauyinsa a hannu kan tona shi. Tocilar leza na jan wuta da ƙarfi a babban mataki, tana zafi cikin 'yan mintoci sannan ta rage hasken da kanta, wanda ba lalacewa ba ce. A garuruwan da caji ya dogara ga sola ko janaretan mai shago, ya kamata a tanadi batir na biyu, a ajiye shi cikin 'yar robarsa nesa da makulli da tsabar kuɗi, kada a bar shi a rana ko kusa da murhu. Batirin da ya kumbura ko fatarsa ta yage, kada a sake sa shi a caji, musamman a ɗakin da ke da rufin ciyawa ko kusa da rumbun hatsi.