'Yankaba a Kwanakin Kulle

Kasuwar 'Yankaba, wadda ke gefen titin Haɗeja a ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano, kasuwar sammako ce. Kafin a sallame sallar asuba motoci sun riga sun jeru, 'yan dako sun ɗaura gammo, kwandunan tumatir na sauka ɗaya bayan ɗaya. Daga Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin rani, ake kawo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa. Kabeji da karas da dankalin Turawa kan zo daga Jos. Alayyafo da latas kuwa na lambunan gefen gari ne, da raɓarsu ake kawo su. Idan hantsi ya ɗaga, mafi yawan wannan kaya ya watse cikin unguwanni, a baro, a bayan adaidaita sahu, a kan 'yan tebura na bakin lungu.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne yawancin wannan ciniki ba da kuɗi hannu ake yin sa ba. Manomi ya kawo kaya ya damƙa wa dillalinsa, sau da yawa wanda mahaifinsa ma ya yi hulɗa da shi. Dillali ya sa farashi da ido da hannu, ya ɗaga tumatirin sama ya duba na ƙasa, a taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Ɗan sari ya ɗauki kwando biyu bashi, ya je unguwa ya kasa kashi-kashi, ya sayar, gobe da asuba ya kawo kuɗin jiya ya ɗauki na yau. Dillali ya cire la'adarsa ya sallami manomi. Kuɗi ɗaya ne ke zagayawa tsakanin hannaye biyar ko shida, kuma sharaɗinsa guda: kada ya kwana biyu a wuri ɗaya. Kayan gwari ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Mai gero a Dawanau yana iya rufe shago wata guda ya dawo ya tarar da buhunansa, watakila ma sun ƙara daraja. Mai atamfa a Kantin Kwari zai yi asarar ciniki, amma atamfarsa tana nan. Mai tumatir a zafin watan Afrilu, lokacin da Kano ke kai maki 40 a ma'aunin zafi, kwana uku kawai yake da su.

A cikin wannan zafin ne aka samu mutum na farko mai korona a Kano, ranar 11 ga Afrilun 2020. Daren 16 ga wata gwamnatin Abdullahi Ganduje ta rufe gari na mako guda. Azumi ya kama ranar 24, sannan ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle. Duk wanda ya san 'Yankaba ya san babu watan da take jira kamar Ramadan. Gidan da a sauran watanni miyar kuka ke isar sa, da azumi sai an nemi kayan miya ɗanye, an yi kwaɗon latas, an soya dankali da ƙwai. A watan ne ɗan sari ke biyan tsohon bashi ya ɗinka wa yara kayan Sallah. Shi ne watan da aka garƙame.

A takarda, motocin abinci suna da izinin wucewa. A kan hanya kuwa shingaye sun yi yawa, kowane shinge da tsayuwarsa da bayaninsa, kuma awa biyu a rana tsaka sun isa su tausasa kwandon da ke ƙasa. Direbobi da dama suka ajiye mota, waɗanda suka fita suka ninka kuɗin dako, alhali a watan Maris gwamnati ta rage litar fetur daga naira 145 zuwa 125. Sai aka wayi gari da abin da ke ƙona rai: a bakin gona tumatir ya yi arha har manomi na rasa mai taya shi, a cikin birni kuma magidanci na neman na miya da tsada bai samu ba, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Masu hali suka yanka nasu suka shanya ya zama kauɗa, wadda ba ta kai darajar ɗanye ba. Wanda ba shi da hannun yanka da filin shanya ya zuba wa nasa ido.

A farkon Mayu aka sassauta. Aka ce ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, mutane su fita su sayi abinci, kuma cikin manyan kasuwanni 'Yankaba da 'Yan Lemo ta Na'ibawa ne aka yarje su buɗe. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya tsara lokacin bai tambayi 'yan gwari ba. Kasuwar da ke ci da sanyin asuba aka ce ta buɗe bayan rana ta take. Cinikin kwana bakwai aka matse cikin awa goma sha biyu, kuma birni mai miliyoyin mutane aka tura shi ƙofa biyu. Tazarar da ake ta wa'azinta a rediyo ba ta da wurin tsayawa a tsakanin rumfa da rumfa. Mata da maza, da azumi a baki, kafaɗa na gugar kafaɗa, takunkumin yadi da teloli suka ɗinka ya jiƙe da gumi an saukar da shi haɓa. A ganina da an bar kasuwar tana ci kullum da sassafe, an rarraba ta filayen unguwanni, da cunkoson bai kai haka ba, kayan ma da ba su lalace haka ba.

Farashi a waɗannan ranaku yana da fuska biyu. Da buɗewa kaya na tsada, domin kowa na tsoron kada ya rasa. Ƙarfe uku na yi dillali ya fara duban agogo, don abin da ya kwana ranar Litinin ba zai ga Alhamis da ransa ba. Nan ake jin “Alhaji, kawo abin da ke hannunka,” “Hajiya, ɗauki duka, Allah ya sa albarka.” Matan da suka gane haka, masu ƙaramin ƙarfi, sai su jira wannan sa'a, su sayi wanda ya fara fashewa su je su tafasa shi a daren.

Hirar rumfa ma ta sauya. Da ana zancen farashin Mile 12 ta Legas da yadda kwando ya tashi a can; sai ga shi kowa ya kara rediyo a kunne yana jiran alƙaluman da hukumar NCDC ke fitarwa kowane dare. Wasu na cewa cutar ta masu hawa jirgi ce, ba ruwanta da mai ɗaukar kwando. Amma a waɗancan makonni ne dattawan Kano suka riƙa rasuwa a jere, malaman jami'a da 'yan kasuwa da masu sarauta, masu haƙar kabari suna cewa ba su saba ganin irin haka ba. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya nuna mai yiwuwa rabi ko fiye na waɗannan mace-mace na da alaƙa da korona. Mutum ya zo kasuwa da labarin maƙwabcin da aka binne jiya, ya kuma kutsa cikin taro, don yara na gida ba a ɗora tukunya ba. Ban ga laifinsa ba.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne marasa rumfa: ɗan dako da ake biya kwando-kwando, mai baro, yaron da ke tsince ruɓaɓɓe daga mai kyau, mai sayar da leda, mai ƙosai da kunun da ke jiran su a bakin ƙofa. Aikin kwana biyu ba ya ciyar da gida kwana bakwai. Wanda ya saci jiki ya fita ranar da ba a yarda ba, kotun tafi-da-gidanka na jiran sa da tara. Tallafin da aka yi ta sanarwa ya isa wasu gidaje, wasu a rediyo kawai suka ji shi. Abin da ya riƙe mutane da yawa shi ne dillalin da ya ce wa ɗan sarinsa, “Bar shi, Malam, idan an buɗe ka kawo,” alhali shi ma manomi na bin sa.

An ɗage kullen gaba ɗaya a farkon Yuli. Lokacin tumatirin rani ya riga ya wuce, damina ta sauka. A ƙasar Kura da Kadawa da kuɗin kayan rani ake sayen taki da irin shinkafa a biya 'yan ƙwadago, saboda haka manomin da kwandunansa suka ruɓe a Afrilu ya shiga daminar 2020 da bashi biyu a wuyansa, na noman da ya wuce da na wanda zai fara.